Tambaya da Amsa: Rukmabai, yarinyar da ta ce gara gidan yari da gidan miji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah wani hoto naga ana ta turawa a WhatsApp na wata mata 'yar Indiya da sari, wai an mata auren dole tana shekara 11 taƙi tarewa har kotu tace a kaita gidan yari, daga baya kuma wai ta zama likita. Ni dai na ɗauka labarin fim ne, kinsan 'yan Indiya da iya tsara labari. Da gaske anyi ta?
Wata ɗalibar koyon jinya, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. An yi ta, ba fim ba ne. Sunanta Rukmabai, an haife ta ranar 22 ga Nuwamba 1864 a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, lokacin Indiya na hannun Turawan Ingila. In kina so ki gane yadda aka yi yarinya 'yar shekara 11 ta wayi gari da miji toh sai kin koma kan uwarta tukuna, don daga can abin ya faro.

Uwar sunanta Jayantibai, ita ma da ƙuruciya aka aurar da ita, ki lissafa da kanki, mijinta Janardan Pandurang ya rasu tana shekara 17 kuma a lokacin Rukmabai ta riga ta kai shekara 2. Ta zauna shekara 6 ba aure sannan ta auri wani likita, Dakta Sakaram Arjun, wanda shi ma matarsa ta rasu. A wancan zamanin yawancin manyan gidajen Hindu ba sa barin macen da mijinta ya mutu ta sake aure har ta koma ga Allah, amma dangin su Jayantibai, waɗanda asalinsu kafintoci ne, su sun yarda da shi. Haka Rukmabai ta shiga gidan likita a matsayin agola, kuma agola mai abin hannu, don dukiyar da mahaifinta ya bari an mayar da ita da sunanta.

Ba a cika shekara 3 da auren uwar ba aka ɗaura wa Rukmabai aure da wani saurayi ɗan shekara 19, Dadaji Bikaji, ɗan uwan Dakta Sakaram ne, ba shi da komai. Shirin da manya suka yi shi ne yaron zai dawo gidansu da zama, su ci da shi su sha da shi su sa shi makaranta har ya zama mutum, yarinya kuma tana gaban uwarta ba inda za ta, dukiya ba ta fita waje ba, ɗan dangi talaka ya samu madafa. Kin ga a baki shiri ne mai kyau, kowa an duba masa ribarsa. Ita kaɗai ce ba wanda ya ce mata kina so ko ba kya so.

Ba a je ko'ina ba shirin ya watse. Dadaji ba ya son karatu sam, ga shi an sa shi aji da yara ƙanana yana ganin ya girme su, sannan da yarinyar ta fara al'ada dangi suka ce toh lokacin tarewa ya yi sai Dakta Sakaram ya ce atafau, shi likita ne ya san abin da haɗa ƙaramar yarinya da namiji ke yi wa jikinta. Wannan ya ɓata wa Dadaji rai. Da mahaifiyarsa ta rasu sai ya tattara ya koma gidan kawunsa Narayan Durmaji duk da an ba shi shawarar kada ya je, can ya saki karatu gaba ɗaya ya shiga zaman banza da cin bashi. Aka ce Rukmabai ta bi shi can, tana shekara 12 ta ce ba za ta ba, mijin uwarta kuma ya tsaya mata.

Shekarun da suka biyo baya a gida ta yi su tana karatu ita kaɗai, tana aro littattafai daga laburaren wata mishan tana koyon Turanci. Shi kuma bashi na ta hawa kansa, ga dukiyar matarsa yana hange ba ya iya taɓawa. A watan Maris 1884 ya sa lauyoyi suka rubuta wa Dakta Sakaram takarda cewa ya daina hana shi matarsa, daga nan magana ta tafi babbar kotun Bombay, ya shigar da ƙarar a tilasta mata tarewa. Ita kuma ta ba kotu dalilanta: ba shi da halin riƙe ta, ba shi da cikakkiyar lafiya, gidan da yake zaune ba gidan da 'yar mutunci za ta zauna ba ne, kuma uwa uba auren nan an ɗaura shi ne tana yarinyar da ba ta san me ake nufi da aure ba. Ana cikin haka a 1885 Dakta Sakaram ya rasu, wanda ya tsaya mata tun tana 12 ya tafi ya bar ta da shari'a a wuya.

Alƙalin farko, Robert Pinhey, ita ya ba gaskiya a 1885. Ya ce dokar Ingila da ake kafa hujja da ita an yi ta ne don manya biyu da suka yarda da juna suka zauna sannan ɗaya ya fice, ba don yarinyar da aka aurar ba ta da bakin magana kuma ba ta taɓa kwana ɗakin mijin ba, shi kam ba zai sa a kama budurwa a kai ta ɗakin namijin da ba ta so ba. Dadaji ya ɗaukaka ƙara, a 1886 aka soke hukuncin aka ce a sake sauraro, a watan Maris 1887 wani alƙalin, Farran, ya yanke cewa ko ta koma gidan mijinta ko ta yi wata 6 a gidan yari. Tana shekara 22 lokacin. Ta ce a kai ta gidan yarin.

TAMBAYA: Anti ni abinda na karanta a Facebook wai Sarauniyar Ingila ce da kanta ta raba auren da taji labari. Haka ne? Kuma ta shiga gidan yarin kuwa?
Maman 'yan biyu, Kaduna

AMSA: Ba ta shiga ba Maman 'yan biyu. Gaskiya ne ta rubuta wasiƙa tana roƙon Sarauniya Biktoriya ta duba halin da matan Indiya ke ciki, kuma maganar ta kai jaridun Landan an yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma abin da ya kashe shari'ar sulhu ne. A watan Yuli 1888 Dadaji ya karɓi rufi 2,000, kuɗin Indiya, ya janye duk wani haƙƙi da yake nema a kanta. Shikenan. Shekarar da ta biyo baya ya auri wata.

Ni wannan kuɗin ya fi tsaya min a rai fiye da labarin Sarauniya. Mutum ya yi shekara 4 yana jan mace kotu kotu da sunan addini da al'ada, manyan gari na bayansa suna cewa aure abu ne mai tsarki da ba ya kwancewa, ranar da aka ƙirga masa kuɗi ya sa hannu ya tafi. Ita kuma yarinyar da ba ta ce a ɗaura mata aure ba sai da aka biya kuɗi kafin a ƙyale ta.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Wannan ƙara ta a tilasta wa mace komawa ɗakin miji da ƙarfin kotu ba daga dokar Hindu ta fito ba, Turawa ne suka zo da ita daga kotunan cocinsu na Ingila. Su a can gida sun cire ɗauri daga cikinta tun 1884, amma a Indiya suka bar shi. Wato dokar da aka so a ɗaure Rukmabai da ita a 1887, matar Bature a Landan ta riga ta tsira daga gare ta da shekara 3. Shi ya sa ba na son yadda ake ba da labarin kamar Turawa ne suka zo suka cece ta daga hannun mutanenta. Bature ne ya ba ta gaskiya, Bature ne kuma ya ce a ɗaure ta, kuma cikin waɗanda suka tsaya mata da gaske har da 'yan ƙasarta irin su ɗan jaridar nan Behramji Malabari da ya daɗe yana yaƙi da auren ƙananan yara.

TAMBAYA: Salam Hajiya. Ni namiji ne kuma ina bin shafinki, amma a gaskiya ina ganin ana zaluntar mijin a labarin nan. An ɗaura aure bisa al'adarsu, iyayenta ne suka bashi da kansu ba sato ta yayi ba, ya jira shekara da shekaru, daga baya don tayi boko tace bai kai ajinta ba. In kowace mace zatayi haka ai babu auren da zai zauna.
Wani magidanci, Funtuwa

AMSA: Wa alaikas salam Malam, na gode da ka faɗi ra'ayinka a fili. Abin da ka faɗa kusan shi ne abin da masu adawa da ita suka faɗa a lokacin. Bal Gangadar Tilak, wanda babban ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya ne kuma har gobe ana girmama shi, jaridunsa sun yi ca a kanta cewa karatun Turawa ne ya ɓata ta, kuma in aka bari ta ci nasara addinin Hindu na cikin haɗari.

Zan ba ka gaskiya a wuri ɗaya. Dadaji shi ma ba shi ya tsara auren ba, manya suka tsara, aka ɗauko yaro talaka aka ce zo ka zauna gidan surukai a ciyar da kai, duk namiji ya san wannan zama ne mai ɗaci. Kuma Dakta Sakaram da muke yabo, yana gidan aka ɗaura auren nan, da ɗan uwansa aka ɗaura. Ba zan wanke shi tas ba. Abin da ya bambanta shi da sauran manyan shi ne da ya ga abin ya ɓaci bai ce tunda an riga an ɗaura sai ki yi haƙuri ba, ya ɗauki zagin dangi ya tsaya bayan yarinyar da ba shi ya haifa ba har ya mutu.

Amma maganar wai don ta yi boko ta raina shi, Malam duba shekarun. Tana 12 ta ƙi zuwa, a lokacin wane boko ta yi? Karatun daga baya ya zo, kuma shi ne aka fara miƙa wa karatun a faranti ya ture. Sannan ka ce ya jira. Mai jiran mace yana gyara ɗaki ne, ya nemi sana'a, ya aiko da abin cefane. Shi bashi ya tara a gidan kawunsa. Ka ɗauka 'yarka ce, kai ka mutu ka bar mata gida, aka ba da ita tana aji shida na firamare ga wanda ya ƙi karatu ya ƙi sana'a, yau ta yi hankali ta ce ba ta so, za ka so alƙali ya ce ta zaɓa tsakanin ɗakinsa da kurkuku?

Ita da kanta ta rubuta abin da ke ranta. A 1885 ta aika wasiƙu jaridar Times of India ba da sunanta ba, ta sa hannu a matsayin wata mace 'yar Hindu, ɗaya a kan auren ƙananan yara ɗaya a kan matan da ake hana su aure bayan mutuwar miji. A ciki ta ce wannan muguwar al'ada ta rusa mata jin daɗin rayuwa, ta shiga tsakaninta da abin da ta fi so a duniya wato karatu, kuma ba tare da ta yi laifin komai ba. Wadda ta rubuta wannan ba raini ke damunta ba.

Batun babu auren da zai zauna kuwa, ai nata ba a taɓa zaman ba balle ya tashi.

TAMBAYA: Toh Anti bayan an gama shari'ar ya ta ƙare? Ta sake aure? Kuma an canza dokar ne saboda ita?
Ɗalibar Zariya ce ta sake turowa

AMSA: Ba ta sake aure ba. Wata likita Baturiya da ke aiki a asibitin mata na Cama a Bombay, Edith Pechey, ita da wasu suka haɗa mata kuɗi, a 1889 ta tafi Landan makarantar koyon likitanci ta mata, ta gama a 1894. A 1895 ta dawo gida ta kama aiki a matsayin babbar likita a asibitin mata na garin Surat, ta yi sama da shekara 20 a can, daga 1918 ta koma asibitin mata na Rajkot har ta yi ritaya a 1929. Ke da kike koyon jinya za ki gane nauyin wannan, a zamanin mata da yawa gara su mutu a ɗaki wajen haihuwa da namiji ya duba su, toh samun likita mace mai jin yarensu ba ƙaramin abu ba ne. Ba ita ce mace ta farko 'yar Indiya da ta samu shaidar likita ba, Anandibai Joshi da Kadambini Ganguly sun riga ta a 1886. Anandibai ma tana shekara 9 aka aurar da ita, kuma tarin fuka ya kashe ta a 1887 tana 21. Rukmabai ta rasu ranar 25 ga Satumba 1955 tana da shekara 90.

Wani abu da ke ba mutane mamaki, da Dadaji ya mutu a 1904 ta koma sa farin sari irin na matan da mazansu suka mutu. Sulhun 1888 ya hana shi nemanta ne kawai, a idon jama'arta tana nan matarsa. Auren da ba ta yi kwana ɗaya a cikinsa ba ya bi ta har tufafin jikinta.

Doka kuwa an taɓa ta a 1891, aka ɗaga shekarun da aka yarda miji ya kusanci matarsa daga 10 zuwa 12. Shari'ar Rukmabai ta taimaka wajen tayar da ƙurar, amma abin da ya ƙarasa girgiza mutane mutuwar wata yarinya ce a yankin Bengal, Fulmoni Dasi, wadda ba ta wuce shekara 11 ba, mijinta ɗan sama da 30 ya kwana da ita jini ya ɓalle mata ta mutu, kuma ba a iya kama shi da laifin fyaɗe ba saboda ta haura shekara 10. Ko da hakan sai da aka kai ruwa rana kafin a ƙara shekara 2 ɗin nan. Dokar da ta sa iyaka ga ɗaurin auren shi kansa sai 1929 ta zo, 14 ga mace, 18 ga namiji.

TAMBAYA: Anti dan girman Allah ki ɓoye sunana. Naga ana maganar matar nan ta Indiya shine nace bari in faɗa miki tamu. Babanmu ya rasu shekara 3 kenan ya bar mana gida da gona, ƙanwata shekararta 14 tana JS2, yanzu baffanmu yace ya bawa ɗansa ita za'a ɗaura bayan sallah, yaron baya aikin komai sai zaman majalisa. Kullum kuka take ta daina cin abinci, Umma kuma tace ita bata da ta cewa tunda dangin uba ne. Ni macece kuma ina gidan miji, me zanyi?
'Yar uwa daga jihar Kano

AMSA: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku mafita 'yar uwa. Ke kam ba sai kin je Indiya neman hujja ba, tana cikin littafin da baffanku ya sani. Annabi (SAW) ya ce ba a aurar da bazawara sai an yi shawara da ita, ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Khansa'u bint Khidam mahaifinta ne da kansa ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wajen Manzon Allah (SAW) ya raba auren. In baffa ya ce ai a mazhabarmu ta Malikiyya ana yi wa budurwa tilas, toh a Risala uba ne aka ba wannan damar a kan 'yarsa, wanda ba uba ba ba ya aurar da budurwa sai ta balaga kuma ta yarda. Ko inda malamai suka yi sassauci kan marainiyar da ake jin tsoron lalacewarta sai da suka ce a shawarci alƙali. Yarinyar da ke gaban uwarta tana zuwa makaranta ba ta cikin wannan.

Abu na farko, ki zaunar da ƙanwarki ki gaya mata kada ta yi shiru. Shirun budurwa ana ɗaukarsa yarda ne, kuka a ɗaki da ƙin cin abinci ba wanda zai tsaya shaida a kansu. Ta buɗe baki ta ce ba na so, da ladabi, a gaban manya biyu ko uku da za su iya maimaitawa in an tambaye su.

Kada ke ki tunkari baffa kai tsaye, zai ce 'yar cikinsa ta yi masa rashin kunya maganar ta koma kanki. Ki nemi wanda yake jin nauyi, limamin unguwarsu ko malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa ko wata gwaggo da ta girme shi, kuma ki roƙi maigidanki ya raka kawunku na wajen Umma su je tare, magana tsakanin maza ta fi shiga kunnensa. Umma kuma ki lallashe ta, ba a ce ta yi faɗa da dangin mijinta ba, amma in aka tambaye ta ta faɗi gaskiya cewa yarinya ba ta so.

Sannan ki dubi maganar gida da gonar nan da kyau. In ba a raba gado ba ku nemi a raba, a rubuta kason kowa da shaidu, na ƙanwarki a san wanda ke riƙe mata shi da amana. Sau da yawa in aka fitar da dukiya daga cikin lissafi za ki ga zafin neman auren ya ragu da kansa.

In duk an yi wannan ya kafe, ku je ofishin Hisba na ƙaramar hukumarku, suna zaunar da dangi kan irin wannan, in ta ƙi ci kotun shari'ar Musulunci tana nan. Ku yi shi yanzu tun ba a karɓi sadaki an raba goro ba, don hana ɗaurawa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman a raba bayan an shafa fatiha. Kuma ko ana cikin wannan kada ta daina zuwa makaranta ko da kwana ɗaya.